Allurar da Yayana Ya Yi wa Kwamfutata

A layin masu gyara ba wanda ke kiran yayana da sunan yanka. Likita ake ce masa, shi kuma yana amsawa hankali kwance kamar wanda ya shekara bakwai yana karatun abin. Ni da muka fito ciki ɗaya na san takardar da yake da ita ta sakandare ce, ita ma da ƙyar da jibin goshi. Amma gaskiya ɗaya ce, kwamfutar da ta gagari kowa in ta shiga hannunsa sai ta tashi. Wannan ba zan hana shi ba, ko da yake yanzu ko gaisuwa ba na son haɗa ta da shi.

Shekara tara ya ba ni. Tun ina rarrafe nake ganinsa da sukurdireba a aljihu. Rediyon babanmu ya fara farkewa, ya baje kayan cikinta a kan faranti, da ya ji motsin Baba a ƙofa ya mayar da su cikin gaggawa, har ƙusoshi uku suka yi saura. Rediyo ta kama tasha fiye da da. Baba ya zane shi da safe, da yamma kuma ya ɗauki rediyon yana nuna wa maƙwabta aikin ɗansa. Daga rediyo ya koma talabijin, daga talabijin ya koma kwamfuta tun lokacin da take da ƙaton ƙeya, mutum biyu ke ɗaukarta. Abu ɗaya ne bai taɓa koya ba a duk tsawon wannan tafiya, wato ya buɗe baki ya ce "ni ne". In kofi ya fashe a gidanmu yana tsaye a wurin, sai ya dubi ƙasa, ya dube ni, ya yi shiru. Inna kuwa ta iya karanta shirun ɗanta yadda ya yi mata daɗi.

Shagonsa ƙarƙashin matakalar wani bene ne mai hawa uku, inda masu sayar da waya suka cika sama. Teburi ɗaya ne dogo, da gwangwanin ƙusoshi, da burushin fenti da yake share ƙura da shi, da fanka marar murfi da ta taɓa yanke wa wani yatsa. Kujerarsa mai juyawa ce, doguwa. Bencin masu kawo gyara kuwa gajere ne, in ka zauna sai ka ɗaga kai kafin ka ga fuskarsa. Na taɓa ce masa ya ƙara wa bencin ƙafa, ya ce haka ya fi, marar lafiya ba ya kallon likita daga sama.

A bango ya manna takarda da ya rubuta da hannunsa, ya sa mata leda. Kada ka danna abin da ba kai ka nema ba. In shafi ya ce ka ci kyauta, rufe shi. Dubi adireshin da kyau kafin ka rubuta kalmar sirrinka. Kada ka cusa filas ɗin kowa a kwamfutarka. In burauza ta ce a sabunta ta, ka sabunta. Kada ka sauko da manhajar sata. Duk shawara ce mai kyau, har yau da ita nake aiki. Sai dai shi bai manna ta don a ƙaru ba, ya manna ta ne don ya samu abin nuna wa mutum da baki in ya zo da kuka.

Ba ya taɓa kwamfuta sai mai ita ya yi ikirari. Na sha zama a ƙarshen bencin ina jiran ya sallame ni, ina jin yadda yake gasa wa mutane aya a hannu. Akwai wani dattijo, tsohon ma'aikacin gidan waya, da ya kawo tasa a nannaɗe cikin tawul kamar jariri.

"Baba, me ka danna?"

"Ban danna komai ba, Likita. Kawai gani na yi ta fara nauyi."

"Kawai. To aljanu ne. Ka kai ta wajen mai ruƙiyya, ni ba na aljanu."

"Haba Likita."

"Me ka danna?"

Dattijon ya sunkuyar da kai. "Wani abu ne ya fito, wai na ci mota."

"Ka ci mota! Jama'a ku taya Baba murna. Ina ka ajiye ta, a waje? Wane launi?"

Duk bencin aka kwashe da dariya, har da shi dattijon, irin dariyar da ta fi kuka ciwo. Sai da Yaya ya ga ya gama wanke shi sannan ya jawo kwamfutar, yana cewa, "Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kwamfuta ba ta kiran baƙo, mai ita ne ke buɗe ƙofa." Abin mamaki, mutane ba su gudu ba. Ƙara tururuwa suka yi. Akwai masu ganin in ba a ci musu fuska ba, ba a san aiki ba.

Abin da ya fi yi masa suna shi ne allura. Wani jan filas ne da ya rataya a wuya da igiya, ba ya cire shi ko zai shiga wanka. A ciki akwai manhajar riga-kafin bairas, wadda yake cewa ta asali ce, daga kamfani kai tsaye, ba irin tarkacen da sauran masu gyara ke tsinta a intanet ba. In ya gama gyara sai ya ɗaga filas ɗin sama, ya ɗan ƙwanƙwasa shi da farce yadda ma'aikatan asibiti ke yi wa sirinji, ya soka. "Na yi mata allura. Daga yau in ta kamu, kai ka kai ta." Ofisoshi, shaguna, ɗalibai, rabin unguwa na yawo da allurar Likita.

Ni kuwa malama ce, ko in ce a da. Shekara goma sha huɗu ina koyar da kimiyya a aji biyar na wata firamare mai zaman kanta. Ba ni da wata dukiya sai wannan ajin. Yaran da na koyar suna tsayar da ni a hanya da gemunsu, suna cewa Malama kin gane ni? 'Yata ma a makarantar take, aji uku, kullum hannunta cikin nawa muke shiga ƙofa. Da makaranta ta sayi majigi da kwamfutocin tafi-da-gidanka guda huɗu, ni aka fara ba, saboda ni ce mai son nuna wa yara abu su gani da ido.

Ranar da aka ba ni, ko gida ban je ba, na zarce wajen Yaya. Kayan makaranta ne, tsoro nake kada wani abu ya same ta a hannuna. Ya juya ta, ya taɓe baki, ya ce ba laifi, ya ciro jan filas ya yi mata allura. Da na buɗe burauza sai na ga wani koren layi ya shimfiɗe a sama, da hoton garkuwa a gefe, shafin farko ma ya canja.

"Yaya, wannan fa? Ɗazu babu shi."

"Maigadi ne. Ke dai koyarwa kika sani, ki tsaya a nan."

Na tsaya a nan. Bayan mako biyu tallace-tallace suka fara leƙowa ta kusurwa, na takalmi, na maganin rage ƙiba. Na kira shi na faɗa masa. Ya yi dariya ya ce, "Yawo kike zuwa inda ba a aike ki ba. Ki rage." Na ji haushi na kashe wayar, ban sake tayar da maganar ba, don na san in na koma shagon a gaban mutane zai tambaye ni me na danna.

Ranar da abin ya faru, rana ce da iyaye ke zuwa su zauna a bayan aji su ga yadda ake koyar da 'ya'yansu. Yara arba'in da biyu a gaba, iyaye kusan ashirin a jikin bango, shugabar makaranta a bakin ƙofa tana murmushi, don ajina take kawo baƙi in tana son burge su. Darasin zuciya ne, yadda take harba jini. Na zana ta a allo, na sa yara suka dafa ƙirjinsu suka ƙirga bugu. Sannan na ce bari mu ga yadda take yi a ciki. Na kunna majigi, na buɗe burauza.

Ban kai ga rubuta komai ba, wata taga ta faɗo a tsakiyar bango. Mutane ne tsirara, manya-manya, girman bangon aji. Na danna alamar rufewa, biyu suka fito. Na rufe ɗaya, huɗu suka fito, da sauti. Na ci gaba da dannawa, suna ƙaruwa. Wata yarinya a layin gaba ta rufe ido da littafinta, wasu samarin baya suka fara ƙyalƙyala, wata uwa ta kurma ihu tana kiran sunan ɗanta. Wani uba ya tsallake tebura ya fizge wayar majigin, bango ya yi fari, amma sautin bai tsaya ba, yana fita daga kwamfutar da ke gabana. Sai da na kife ta na danne da hannu biyu. Duka-duka bai fi minti ɗaya ba. Na so ƙasa ta tsage a lokacin, kuma da ta tsage da ta yi mini gata.

Aka dakatar da ni a ranar. Shugaba ba muguwa ba ce, ta kira ni ofis ta rufe ƙofa.

"Malama, ni ban yarda ke kika yi ba. Amma yardata ba ta isa ba. Kwamitin iyaye zai zauna ranar Litinin. Sun ce a kai kwamfutar wajen masani ya duba, ya zo ya faɗa musu ta ina abin ya shigo. Likita suka zaɓa."

"Yayana ne, ranki ya daɗe."

"Sun sani. Sun ce shi ba ya rufa wa kowa asiri, ko uwarsa ce. Rabinsu shi ke yi musu gyara, abin da ya faɗa za su ɗauka."

Wallahi daɗi na ji. Na fito ina hamdala. A raina na ce duk wulaƙancin Yaya, ai ya san aikinsa, zai buɗe tarihin burauzar ya ga ban taɓa zuwa ko'ina ba sai shafukan darasi, ya nuna musu baƙi da fari. Masinjan makaranta ya ɗauki kwamfutar, na bi shi a baya har shagon.

Yaya bai tambaye ni me na danna ba, wannan ne karo na farko da na ga ya tsallake tambayar. Ya buɗe, ya shiga nan, ya shiga can, yana fito da ƙaramin sauti ta hanci kamar yadda ya saba. Can sai sautin ya ɗauke. Ya matsa kusa da allon. Ya daɗe a haka. Na ga hannunsa ya tafi wuyansa, ya kama igiyar nan, ya sake. Sannan ya juya fuskar kwamfutar ta kalli bango.

"Yaya, ka ga wani abu?"

"Ku bar ta. Ki dawo jibi."

Jibi na dawo na tarar da ita a rufe, an goge mata ƙura, har wayar cajinta an naɗe da kyau. Na buɗe. Babu darussana, babu hotunan da na tara, babu tarihin burauza, babu koren layi. Fes, kamar yau aka ciro ta daga kwali.

"Ina kayan ciki?"

"Na yi mata fomatin. Ta ruɓe, ba ta gyaruwa sai haka."

"Yaya, shaidata ce a ciki! Me zan nuna musu?"

"Ke ba ki san inda ke miki ciwo ba. Taimakonki na yi. Ki bar mini maganar, ni zan yi musu bayani."

Ranar Litinin ya rufe shago, ya sa kaya masu guga, ya zo. A ɗakin malamai aka zauna, an haɗa tebura biyu, iyaye bakwai da Shugaba a gefe ɗaya, ni kaɗai a ɗaya gefen. Shugaban kwamitin wani mai kantin magani ne, mutum mai magana a hankali. Ya fara da tambayar da nake tsoro.

"Likita, mun aiko maka ka duba, ba mu ce ka goge ba."

"Da na bar ta yadda take, da ta shafa wa duk kwamfutar da ta kusance ta. Aikina na yi."

"To. Abin da muke so mu sani ɗaya ne. Irin wannan ƙazanta tana shiga da kanta, ko sai an je inda take?"

Na dubi Yaya. Kalma ɗaya nake jira. Ya gyara zama, ya haɗa yatsunsa a kan teburi, ya yi irin muryar da yake yi wa masu benci.

"Shekarata ashirin da biyu a wannan aiki. Ban taɓa ganin kwamfutar da ta buɗe ƙofa da kanta ba. Dole wani ya danna wani abu."

"Amma an ce kai ka sa mata kariya."

"Na sa, ta asali. Kai ma magani kake sayarwa. In aka yi wa mutum riga-kafi ya tafi ya sha ruwan kwata, laifin allura ne?"

Suka gyaɗa kai. Wata uwa ta tambaya ko wani ne a gidanmu ya ɗauka. Na ce ba mai taɓa ta sai ni, don gaskiyar kenan, kuma ba zan jefa mijina a wuta don in fita ba. Sai Yaya ya ɗaga hannu, ya sassauta murya.

"Ni ban ce ita ce ba. Ƙanwata ce, ni na goya ta. Ɗan Adam ajizi ne. Ina roƙon ku yi mata sassauci."

Wannan roƙon ne ya kashe ni. Da zagina ya yi, da wani ya ce gaba ce tsakaninsu. Amma mutumin da ba ya rufa wa uwarsa asiri ya goge shaida da hannunsa, ya zo yana neman a yi wa ƙanwarsa afuwa, me ya rage a tambaya? Na ga fuskokinsu sun sauya, ba fushi ba ma, ƙyama. Na yi rantsuwa, na yi kuka, na ce a kira wani masanin. Mai kantin magani ya ce wani masanin ya duba me, allo fari? Sassaucin da suka yi mini shi ne ba za su rubuta dalili a takardar sallama ba. Ba su buƙaci rubutawa ba, iyaye ashirin sun riga sun kai labarin ko'ina. Makarantu uku na nema bayan nan, duk da fara'a suka karɓi takarduna, ba wadda ta kira.

Mijina ya ce ya yarda da ni, kuma na san yana ƙoƙari. Amma sau biyu na fito daga kicin na tarar da wayata ba a inda na ajiye ta ba. Inna kuwa ce mini ta yi in je in yi wa yayana godiya, mutum ya rufe shagonsa yini guda ya je ya zubar da girmansa saboda ni.

Bayan mako uku na je shagon, ba don godiya ba. So nake ya rubuta mini 'yar takarda cewa bairas na iya shiga ba da sanin mai kwamfuta ba, ko zan samu abin haɗawa da takardar neman aiki. Tun daga bakin matakala na ga layi. An manna sabuwar sanarwa: dubawa kyauta ga duk wanda Likita ya yi wa allura a bana. Mutane sai sa masa albarka suke, wai a wannan zamani wa ke kiran mutum ya yi masa aiki kyauta.

Na kutsa ciki. Kwamfutoci shida ne a jere kan dogon teburin, duk a buɗe, kowacce da koren layi a saman burauzarta, da garkuwa a gefe. Yana bin su ɗaya bayan ɗaya yana cirewa. Wuyansa ba igiya.

Wata tela da na sani tana zaune a benci da tata a cinya. Ta jawo mayafina ta raɗa mini, "Malama, ni ma fa tawa ta fara nuna abin nan. Na zaci maigidana ne, kwana goma ba ma magana. Likita ya ce wata sabuwar cuta ce ta shigo gari."

Na zauna a ƙarshen bencin nan har rana ta take, mutane suka watse cin abinci. Ya san ina nan, bai ɗago ba.

"Yaya, maigadin ne ko?"

Ya ci gaba da share madannai da burushi.

"Allurarka ce ta kawo shi. Ka dube ni ka ce ba ita ba ce."

Ya ajiye burushin, ya leƙa waje, ya jawo ƙofa. Ban taɓa jin ya yi magana ƙasa-ƙasa haka ba. Ya ce ba wani kamfani. Tun farko daga wani shafi yake sauko da ita, ta sata, an fasa mata makulli. Shekara da shekaru tana aiki lafiya. Ta bana ce ta zo da wani abu manne a jikinta, shi ke kama burauza ya fara da tallan takalmi, in ya kwana biyu ya koma abin da na gani.

"Wallahi ban sani ba sai ranar da kuka kawo ta."

"Ranar Litinin fa? Ka sani ranar Litinin?"

"Kin san mutum nawa na yi wa allurar nan? In na buɗe baki a ɗakin nan, kafin la'asar ba ni da shago. Shekara ashirin da biyu."

"Tawa goma sha huɗun fa?"

"Ke kina da miji. Ni wa zai riƙe ni? Wa ke sayen maganin Inna?"

"Sunana fa, Yaya? Yara na ganina a hanya suna toshe baki."

"Magana ce, za ta wuce." Ya ɗauki burushinsa. "In kuma faɗa za ki yi, je ki faɗa. Ga su nan, ina gamawa da su yau."

Na je na faɗa. Shugaba ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta ce, "Malama, na san kina cikin zafi. Amma mutumin da ya tsaya gaban jama'a yana roƙar miki afuwa, shi za ki ɗora wa? Ina shaida?" Na nemi telar nan, ta ce ita dai an gyara mata kyauta, sun shirya da mijinta, kada in sa ta a rigimar gida. Inna ta yi kuka ta ce in ina son ta mutu da baƙin ciki in ci gaba da tona wa ɗan'uwana asiri a titi. Na ce Inna, nawa asirin fa? Ta ce ke mace ce, haƙuri aka san ki da shi.

Yana nan a ƙarƙashin matakalar har yau. Ya sayi riga-kafi na gaske yanzu, na ji an ce har kwalin yake ajiyewa a kan teburi don a gani. Sunansa ya ƙara tashi tun dubawar kyauta. Makarantarmu ta ba shi kula da duk kwamfutocinta, tunda dai ta ga abin da sakaci ke jawowa. Ni ina gida, ina koya wa 'ya'yan maƙwabta biyu lissafi da yamma, su ma uwarsu kan zauna a ɗakin har mu gama. 'Yata ban cire ta daga makarantar ba, babanta ya ce cire ta kamar amsa laifi ne. Shi ke kai ta yanzu.

A zangon da ya wuce suka gayyaci Yaya ya yi wa ɗalibai jawabi kan yadda za su kare kansu a intanet. Ban sani ba sai da yarinyar ta dawo. Ta shigo ba sallama, ta ajiye jaka, ta tsaya a ƙofar kicin ba ta cire takalmi ba. Ina yanka albasa.

"Mama, yau Kawu ya zo makarantarmu. An tara mu duka a fili."

"To. Me ya ce?"

"Ya ce kada mu danna abin da ba mu nema ba. Ya ce kada mu je shafukan banza, don abin da mutum ya yi a ɓoye kwamfuta ba ta mantawa." Ta murza igiyar rigarta. "Ya ce akwai wata malama da ba ta ji magana ba, asirinta ya tonu a gaban ajinta. Bai faɗi suna ba. Amma duk sai suka juyo suna kallona."

Na ajiye wuƙar.

"Mama, ke ce?"

Na durƙusa daidai tsayinta na ce, "Ni yake nufi. Amma ban yi ba. Wallahi ban yi ba."

Ta dube ni, ta daɗe tana dubana, da idon yarinya 'yar shekara tara da ke son ta yarda.

"To me ya sa Kawu zai yi ƙarya? Ai shi ne Likita."

Na buɗe baki in ba ta amsa, na ga ta riga ta ja da baya kaɗan, don kada hannuna ya kai kafaɗarta.